Tambayi Likita: An Gyara Zuciyar Baba, Amma Kansa Bai Dawo Daidai Ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ya aiki, ya haƙuri da mu? Mahaifina shekararsa 67, ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa da shadda, kuma ya daɗe da hawan jini da ciwon suga. Wata uku ke nan da aka kai shi Indiya aka yi masa aikin zuciya, an ce jijiyoyi uku ne suka toshe. Aiki ya yi kyau, ciwon ƙirjin ya tafi. Sai dai yayana da ya raka shi ya ce a dare na uku bayan aikin Baba ya rikice, ya fizge ƙarin ruwan da ke hannunsa, yana ihu wai ɓarayi sun shiga shago, yana kiran kakarmu da ta rasu tun ban yi wayo ba. Bayan kwana huɗu ya dawo hayyacinsa. Yanzu yana gida, amma ba Baban da muka sani ba. Mutumin da ke lissafin dila goma da ka, yau canjin dubu biyar sai ya tsaya yana ƙirgawa. Yana manta raka'a nawa ya yi. Tambaya ɗaya sai ya yi ta sau uku. Ga saurin fushi, wani lokacin kuma mu tarar da shi yana hawaye shi kaɗai. Ƙananan yatsu biyu na hannunsa na hagu ma sun sage, ba ya jin su sosai. Gwaggonmu ta ce sammu ne na 'yan kasuwa, kawunmu ya ce likitocin ne suka taɓa masa ƙwaƙwalwa suka ɓoye. Likita, zai dawo kuwa? Ko mun yi kuskure da muka matsa masa ya yarda a yi aikin? Ni ce na fi kowa matsawa.

'Yar Baba, daga Kano

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Daga ƙarshen wasiƙarki zan fara, don na lura nan ne abin yake ci miki rai. Ba ki yi kuskure ba. Mai ciwon suga da jijiyoyin zuciya uku a toshe yana cikin mutanen da wannan aikin ya fi amfana, kuma da an bar shi da toshewar, mai yiwuwa da wata wasiƙar daban kika rubuto mini. Ki sauke wannan kayan daga kanki, akwai aikin da ya fi shi muhimmanci a gabanki.

Kawu kuma a kwantar masa da hankali: ba wanda ya kai wuƙa kusa da kan Baba. Amma bai yi nisa da gaskiya ba da ya ce aikin ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ga yadda abin yake.

Ana tsaga ƙashin ƙirji, a ciro wata jijiya daga ƙafa ko daga cikin ƙirjin, a ɗinka ta yadda jini zai zagaye wurin da ya toshe, kamar yadda babbar mota ke bin baifas ta kauce wa cunkoson cikin gari. Shi ya sa ma ake kiransa aikin baifas. Jijiyoyin da ake ɗinkin a kansu ba su fi bututun tawadar biro kauri ba, ɗinka irin wannan a kan zuciya tana bugawa kuwa sai gwani. Don haka galibi tsayar da zuciyar ake yi, a miƙa jinin mutum ga wani inji da ke yin aikin zuciya da huhu na awa ɗaya ko biyu. Wani likitan Amurka, John Gibbon, shi ya fara cin nasarar aiki da irin wannan inji a 1953 a birnin Filadelfiya, sannan René Favaloro, ɗan ƙasar Ajantina da ke aiki a birnin Kilibland na Amurka, ya fito da ɗinkin jijiyar ƙafa a 1967. Tun daga wancan zamanin likitoci suka lura wasu kan tashi da zuciya garau amma kai a hargitse.

Dalili mafi girma yana cikin babbar jijiyar da ke fita daga zuciya. A jikin dattijon da ya shekara ashirin da hawan jini da suga, cikin wannan jijiya kamar tsohon bango yake wanda filastarsa ke ɓarewa. A nan ake soka bututun injin, a nan ake matsewa da ƙarfe. Ɓarɓashin kitse kan balle ya bi jini, hanyoyin da ke hawa kai kuwa suna nan kusa, su ne kan gaba wajen kwasa. Haka ƙananan kumfan iska da ɗigon kitse daga inji. Idan ɓarɓashin babba ne ya toshe babbar hanya, shanyewar ɓarin jiki ke nan. Idan ƙanana ne da yawa, sai su watsu kamar tsakuwa a cikin shinkafa, ba ɓarin da zai shanye, amma lissafi da tuna abu su yi nauyi. Ga kuma ƙarfin tafiyar jini da kan sauka a lokacin aiki. Ƙwaƙwalwar mai hawan jini ta saba da matsi mai ƙarfi, kuma akwai sassanta da suke kamar gonar da ke can ƙarshen magudanar noman rani a Kadawa: da ruwa ya ragu ita ce farkon bushewa. Ki haɗa da kumburin da jiki ke yi idan jini ya ratsa robobin inji, da ƙarancin jini, da maganin sa barci na tiyata, da bugun zuciya da kan rikice a rana ta biyu ko ta uku a wajen kusan mutum ɗaya cikin uku.

To, abubuwan da kika lissafa ba cuta ɗaya ba ce, kuma raba su shi ne rabin magani.

Abin da ya faru a dare na uku, ruɗewa ce ta bayan tiyata. Takan zo farat ɗaya, ta fi tsanani da dare, ta lafa da safe har dangi su ce ai ya warke, magariba na yi ta dawo. Wani ya yi ta fizge-fizge kamar Baba, wani kuma ya yi shiru yana ta barci, a yi ta yabonsa da haƙuri alhali shi ma a ruɗe yake. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2012 ya bi mutum 225 masu shekara 60 zuwa sama da aka yi wa aikin zuciya: kashi 46 cikin ɗari sun yi wannan ruɗewa. Kusan rabi fa. Ki karanta wa Gwaggo wannan layin, ki tambaye ta ko duk 'yan kasuwar Kwari ne suka yi musu sammu. Abin da ya fi shafar ki a binciken shi ne, bayan wata shida, kashi 40 na waɗanda suka ruɗe ba su gama komawa yadda suke ba, a waɗanda ba su ruɗe ba kuwa kashi 24 ne. Ma'ana wanda ya ruɗe farfaɗowarsa takan ja lokaci, amma shida cikin goma sun koma daidai kafin wata shida. Baba yana wata na uku. Ko rabin hanya bai wuce ba.

Shanyewar ɓarin jiki ita ce wadda kowa ke tsoro, kuma ita ce mafi ƙarancin aukuwa. A wani bincike da aka buga a 1996 an duba mutum 2,108 a asibitoci 24 na Amurka, aka samu kashi 3.1 da babbar illa irin shanyewa ko dogon suma, kashi 3 kuma da raunin tunani ko jijjiga da ya fito fili. A yau, ga wanda baifas kaɗai aka yi wa, shanyewar ba ta cika wuce ɗaya zuwa biyu cikin ɗari ba. A bayaninki ban ga alamar babbar shanyewa ba. Yatsun nan biyu ma ina kyautata zaton daga wuya abin yake: idan aka buɗe ƙirji da ƙarfe, jijiyoyin ji da suka taso daga wuya zuwa hannu kan miƙe, ɗan ƙaramin yatsa da maƙwabcinsa su ne ke fara kuka. Yawanci yakan warware cikin makonni ko 'yan watanni. Amma likita ya gwada ƙarfin hannun da kansa, ni daga takarda nake magana.

Saura wanda ya sa kika ɗauki biro: mantuwa, nauyin lissafi, maimaita tambaya. A nan likitoci ma sun yi shekaru suna jayayya, kuma gara in ba ki labarin jayayyar da in ba ki amsa a dunƙule. A 2001 masu bincike a Jami'ar Duke suka fitar da sakamakon bin mutum 261. Sun ce kashi 53 tunaninsu ya ragu ranar sallama, kashi 36 bayan mako shida, kashi 24 bayan wata shida, sai kuma abin ya sake hawa zuwa kashi 42 bayan shekara biyar. Wannan lamba ta ƙarshe ta tayar da hankalin duniya, aka ɗora wa injin laifi. Ni kaina a lokacin na yarda. Sai wasu a Jami'ar Johns Hopkins suka yi tambayar da ya kamata a yi tun farko: to waɗanda ke da irin wannan toshewar amma ba a yi musu aiki ba fa? Suka bi ɓangarorin biyu har shekara shida, a 2008 suka bayyana cewa raguwar tunani ta dogon lokaci kusan ɗaya ce, da wanda aka tsaga da wanda magani kawai ya sha. Ashe cutar da ta toshe jijiyoyin zuciya ba ta tsaya a ƙirji ba, tana can tana cin ƙananan jijiyoyin kai a hankali tun kafin a je Indiya.

Fahimtata, bayan shekarun da na yi ina ganin masu dawowa daga irin wannan tafiya, ita ce: aikin kan bugi ƙwaƙwalwa bugu na ɗan lokaci, wanda mafi yawa ke farfaɗowa daga gare shi tsakanin wata uku da shekara guda. Abin da zai biyo bayan shekaru kuma, hawan jini da suga da kitse ne ke riƙe da linzaminsa. Ki tambayi yaran shago a asirce, ba mamaki su ce miki tun bara Alhaji ya fara ajiye makulli ya manta. Wannan ba zai rage darajarsa ba, likitan da zai duba shi kuma yana buƙatar sani.

Kafin a ce komai aikin ne ya jawo, akwai abubuwan da nake nema a wajen duk wanda aka kawo mini da irin wannan, don su ana gyara su. Ku kwashi duk magungunan da ke ɗakinsa a leda ɗaya, har na kyamis da na gargajiya, ku haɗa da takardar sallamar da aka ba ku, ku kai wa likitan zuciya ko na ƙwaƙwalwa. Na taɓa ganin wani tsohon direba da 'ya'yansa suka riga suka yanke cewa gigin tsufa ne ya kama shi bayan aiki. Da aka zazzage ledar, sai ga Valium da Piriton, kullum dare yana haɗa su saboda ciwon ƙirji ya hana shi barci. Muka janye su sannu a hankali, domin Valium ba a yanke shi dare ɗaya. Bayan wata guda ya zo da kansa yana yi mini gardamar kuɗin mota daga Kano zuwa Legas a zamanin Shagari. Tiramadol ma yana rikita kai kamar su. Maganin suga idan ya yi wa mutum yawa, musamman wanda cin abincinsa ya ragu bayan tiyata, sukarin kan faɗi ya bar shi cikin ɗimuwa da fushi. A auna yawan jini, gishirin jini, aikin ƙoda, sinadarin ƙululun wuya wanda kumburinsa ke kawo maƙoƙo, da bitamin B12, wanda kan ragu a jikin wanda ya daɗe yana shan maganin suga na metfomin. A duba fitsari. A yi hoton ƙwaƙwalwa, CT ko MRI. Wayoyin da aka ɗaure ƙashin ƙirjinsa da su ba sa hana MRI, kada wani ya tsorata ku. Hoton yana da muhimmanci musamman idan ya taɓa faɗuwa ko ya bugu a ka, don mai shan maganin tsinka jini yana iya tara jini a ƙarƙashin ƙoƙon kai ba tare da kowa ya sani ba.

Idan za a gwada tunaninsa, ki roƙa a yi da Hausa, kuma da gwajin da ya dace da shi. Ba adalci ba ne a ce wa wanda allo ya yi ya zana agogo ko ya jero haruffan boko a baibai, sannan a rubuta ya faɗi. Akwai gwajin da ake kira IDEA, wanda aka tsara don dattawan Afirka aka kuma jarraba shi a Tanzaniya da Ibadan, inda ake sa mutum ya lissafa sunayen dabbobi cikin minti ɗaya, ya tuna kalmomi goma, ya jera tsinken ashana.

Hawayen nan kuma kada a wuce su da "sai haƙuri, Baba". Ciwon damuwa yana yawan biyo bayan aikin zuciya, kuma shi kansa yana kawo mantuwa, domin wanda ransa ke ɓace ba ya riƙe abin da aka faɗa masa balle ya tuna. Ki duba ta wajensa: mutumin da ake jiran ya buɗe baki a yanke magana, yau jikoki ake gargaɗi kada su dame shi, 'ya'ya na raɗa a bayansa. Namijin Bahaushe mai shekara 67 ba zai ce miki yana cikin damuwa ba, sai dai ya ce abinci ba gishiri ya ture kwano. Akwai magani, kuma akwai irin da ya dace da mai ciwon zuciya. Likita zai zaɓa, kada a saya a kyamis.

A gida, abin da na fi so ku daina shi ne jarrabawa. "Baba ka tuna wa ya zo jiya?" ba motsa ƙwaƙwalwa ba ne, tozarci ne da kyakkyawar niyya. In ya maimaita tambaya, a maimaita amsa. Ya koma shago, amma awa biyu da hantsi, ya zauna ya gaisa da abokan ciniki, ya taɓa yadi, ya yi ciniki da baki, yaro ya riƙe littafi da kuɗi. Manyan hada-hada kuwa, sayar da fili ko karɓar kaya bashi, a jingine su tukuna ko a yi su da ɗansa a gefe. Ya riƙa takawa zuwa masallaci, ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan, domin tafiyar ƙasa tana cikin abubuwan da suka fi taimakon zuciya da kai gaba ɗaya. Sallar jam'i ma ta ɗauke masa nauyin ƙirga raka'a, saura kuma malaminsa ya tuna masa hukuncin ƙabli da ba'adi, don na ga dattawan da wannan mantuwar ta fi ciwon kansa tayar musu da hankali. Ya rage barcin rana don na dare ya samu. In kunnensa ya yi nauyi ko tabarau ya tsufa, a gyara. Tuƙi kuwa a dakata sai likita ya amince.

Addu'a da tofi ba ni da ja a kansu, Gwaggo ta yi iya yinta. Sharaɗina biyu: ba hayaƙi a ɗakin mai sabon ɗinki a ƙirji, ba jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba a kan maganin tsinka jini. Asfirin, maganin kitse, na hawan jini da na suga, ko an ga ya warke sarai ba a ajiye su. Su ne ke tsare sabbin jijiyoyin da aka ɗinka, su ne kuma ke tsare kan.

Ranar da kuka ga baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko magana ta sarƙe, ko ido ɗaya ya daina gani, ko ya yi jijjiga, ko ruɗewa irin ta Indiya ta dawo, a tafi babban asibiti nan take, ko da ƙarfe biyun dare ne, ko da alamar ta wuce kafin a tada mota.

Zai dawo? Ina sa ran zai samu sauƙi mai yawa nan da wata shida zuwa tara. Wataƙila lissafin dila goma da ka ba zai dawo da saurinsa na da ba, wannan ba zan yi miki alkawarinsa ba. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da kika gani duk ƙarshen wata. In yana gaba ko da taku ɗaya ne, hanya ta yi kyau. In kuwa kowane wata baya yake yi, to akwai wani abu ban da aikin, a koma wa likitan ƙwaƙwalwa da littafin a hannu. Ki sake rubuto mini bayan wata uku.

TAMBAYA

Likita, barka da aiki. Shekarata 58, an ce sai an yi mini baifas. Na gani a intanet cewa akwai wanda ake yi ba tare da an tsayar da zuciya ba, wai shi ba ya taɓa ƙwaƙwalwa. In dage a kan shi?

Wani malamin makaranta, daga Kaduna

AMSA

Malam, kada ka dage. Hankali yana ba da cewa in an kauce wa inji an kauce wa matsalar, amma da aka gwada ba haka ta fito ba. A ƙasar Holan an raba mutum 281 gida biyu, masu inji da marasa inji. Bayan wata uku marasa inji sun ɗan fi, bayan shekara ɗaya tazarar ta kusa shafewa, bayan shekara biyar babu bambanci. Wani babban gwaji na mutum 4,752 a ƙasashe 19, da aka buga a 2012, shi ma bai ga bambancin a-zo-a-gani ba wajen mutuwa ko shanyewar jiki a watan farko. Akwai wanda aikin ba inji ya fi dacewa da shi, kamar mai babbar jijiyar da ta cika da ɓarɓashi, amma likitan tiyata ne zai gane haka. Ka bar shi ya yi wanda hannunsa ya fi sabawa da shi.

Ƙarfinka ka kashe shi a nan: ka tambaya ko za a yi hoton jijiyoyin wuyanka kafin aiki, da kuma yadda suke duba babbar jijiya kafin su matse ta. Ka daidaita suga da hawan jini. In kana shan taba, yau ce ranar bari. In akwai abin da kake sha kullum don barci ko don ƙarfin aiki, ka faɗa wa likitan da zai sa ka barci lokacin tiyata ba kunya, domin yankewarsa farat ɗaya a gadon asibiti tana cikin manyan masu kawo ruɗewa.

In waje za ka, wanda zai raka ka ya zama mai natsuwa da ka saba da muryarsa, kuma a gaya masa tun daga gida cewa ruɗewa tana iya zuwa, don na gaji da ganin dangin da ba wanda ya yi musu wannan bayani kafin su hau jirgi. Mutum ya farka a ɗakin da fitila ba ta mutuwa, ba kiran salla, ba mai jin yarensa, dole kansa ya juya. Ka sa tabaranka da carbinka da ƙaramin agogo a jakar da za a shigo maka da ita. Ɗan rakiyar kuma, duk shigowar da zai yi, ya gaishe ka da Hausa, ya faɗa maka ranar da ake ciki, da garin da kake, da cewa aiki an gama lafiya, ko da sau goma ka tambaya.